Ni Ne Nake Yin Aikin Gidan Aji Huɗu

Zuwa ga Malam Tanimu, malamin aji huɗu na firamaren ƙauyenmu, ta hannun Hedimasta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da babur ɗin nan naka da ba ya tashi sai an tura. Ni ne Idi Mai-wasiƙa, tsohon masinjan ofishin hakimi a Karaye, mai karanta wa mutanen wannan yanki na Ruwan Bago wasiƙunsu da rubuta musu amsa. Na roƙi a manna wannan takarda a ƙofar makaranta kowa ya gani, ko da yake na san ni za a kira in karanta musu ita.

Na ɗaya. Bayan an gama cirar gyaɗa ka tara iyaye a harabar makaranta, ka ce kana wani kwas a Kano, an sa ka binciko yadda za a yi yara su riƙa yin aikin gida. Dabarar da ka fito da ita ita ce, duk yaron da ya zo da safe bai yi aikinsa ba, za a kira sunan ubansa a gaban yara da malamai. Malam, magidanci a nan gara a kwashe masa akuya da a kira sunansa gatsau a bainar jama'a. Kowa ya tashi daga taron nan jikinsa a sanyaye.

Na biyu. Da ka tambaye ni tun farko, da na gaya maka al'adar garin nan. Duk takardar boko da ta shigo gida, ta asibiti ce, ta taki ce, ko ta ɗa da ke Legas, ba a buɗe ta sai a zaurena. To, littafin aikin gida ma takardar boko ce. Washegari bayan la'asar na tarar da iyaye sun cika zauren, kowa da littafin ɗansa a aljihun babbar riga. Wani ya kawo ƙwan zabi, wata ta aiko da fura. Ta yaya zan kori maƙwabci? Na ɗauki biro.

Littafi ashirin da bakwai nake cikewa kullum. Don kada ka gane, wasu da hannun hagu nake rubutawa, wasu ina kishingiɗe, na 'yar Maigari kuma in ɗan ɗiga masa miya. Gonata ta ƙofar gari har yau ban kwashe karan da ke cikinta ba.

Na ji ka gaya wa Hedimasta cewa bincikenka ya yi nasara, babu yaro ɗaya da ke fashi. Gaskiya ne ba a fashi, amma ɗalibinka ɗaya ne tak, kuma yana da furfura da jikoki tara.

Na uku, kuma nan ne raina ya ɓaci. Ranar Laraba ka ba da wannan lissafi: manomi ya girbe dami sittin na dawa, ya sayar da ashirin, saura nawa? Na rubuta talatin da huɗu a duk littattafan. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro, ka soke, ka rubuta arba'in. Malam Tanimu, ina zakka? Wane manomi ne a ƙasar Rogo zai girbe dami sittin ya kai ashirin kasuwa bai fitar da dami shida ba? Ni na kyautata wa mutumin zato, na fitar masa da haƙƙin Allah. Kai kuma ka mayar da shi marowaci, ka ba ni sifili har sau ashirin da bakwai a rana ɗaya.

Jan biro ba ya bukatar mai karantawa, tsohuwa ma ta san shi. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa ilimin Idi ya ƙare, matashin malami ya kama shi. Shekaranjiya ina zaune a ƙofar gida Hajiya Ladi ta wuce ni da ambulan a hannu, ta tafi Gwangwan wurin wani mai sayar da magani ya karanta mata. Matar da tun ɗanta yana koyon direba ni nake rubuta masa "bayan gaisuwa mai yawa"! Ta gaishe ni kuwa, amma tana ɓoye ambulan ɗin a mayafi. Wallahi na ji ciwon abin nan. Ba ni da shanu, ba ni da sarauta, sunan nan na Mai-wasiƙa shi ne abin da na tara.

Don haka ina roƙon abu uku. Ka sake tara iyaye ka faɗa da bakinka cewa dami shidan nan suna da hujja, mu je gaban Liman in kana musu. Ka daina kiran sunan iyaye, ka tsayar da yaran bayan an tashi su yi aikin a gabanka, don na lura 'yar Maigari har yau ba ta san hannun da ake riƙe fensir ba. Sannan in ka je Kano, ka rubuta a bincikenka cewa a Ruwan Bago an gwada, aikin gida ya gyaru, yaran ne dai ba su taɓa ganinsa ba.

Allah Ya ba ka sa'ar kwas ɗinka, Ya ƙara girma, Ya tayar maka da babur bugu ɗaya. Aikin gida na Litinin na riga na gama, za ka same shi wurin yaran. Wannan kuma wasiƙa ce, ba aikin gida ba, don Allah ka ajiye jan biron.

Wassalam.

Naka ɗalibi ba da son ransa ba,
Idi Mai-wasiƙa