Sunaye Shida da Na Faɗa a Rediyo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Labarai na wani gidan rediyo a Dutse, wanda zai gane kansa in ya karanta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Yau Alhamis. Na tashi ƙafata ta hagu a kumbure, jiri yana ɗibana in na miƙe, hannuna kuma yana rawa, don haka a yi haƙuri da rubutun. Na koyar a firamare har na yi ritaya, kuma a lokacin ba haka hannuna yake ba. Ina zaune a wani ƙauye ta wajen Aujara. Mai ɗakina ta rasu, 'yata ɗaya tana aure a Ringim. Abin da ya rage mini shi ne dakalin ƙofar gidana, inda dattawa shida suke zuwa bayan La'asar mu kunna rediyo, mu yi musu har a kira Magariba. Makonni uku ke nan babu wanda ya zauna a dakalin nan sai ni. Dalilin wasiƙar ke nan.

Na ɗaya. A shirinku da masu sauraro suke bugo waya, na kira na ce ɗakin shan maganin garinmu a rufe yake tun farkon damina, kuma mai hawan jini irina sai ya hau babur zuwa wani gari kafin a auna shi. Ban zagi kowa ba. Na faɗi cikakken sunana da unguwarmu, domin haka aka koya mana a makaranta: mai ƙorafi ba ya ɓoye kansa. Da na gama, sai na yi abin da kowane mai kira yake yi tun zamanin katin gaisuwa. Na ce ina gaida 'yan majalisarmu ta dakali, na jero su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan mahaifinsa da sana'arsa, na ƙara da cewa ga su nan duk suna ji. Suna ta murna a gefena. Alhaji Sale, wanda muka shiga aji ɗaya tare da shi, har ya ce na manta ban faɗi laƙabinsa ba.

Na biyu. Bayan kwana huɗu wasu mutum biyu suka zo a mota mai baƙin gilashi. Sun yi sallama, sun durƙusa sun gaishe ni, sun ce daga ofis suke. Na tambayi wane ofis, suka yi murmushi. Na kawo ruwa, ba su sha ba. Ɗaya ya zaro takarda ya karanta mini lambar wayata, da ranakun da na kira 'yata, da ranar da na je Kafin Hausa ta'aziyya, har da wanda na kira ina tasha. Sannan ya karanta sunayen nan shida, a jeren da na faɗe su. Ya tambaya ko ƙungiya ce, wa yake ɗaukar nauyinmu, wa ya ce in yi kiran. Na ce ƙungiyar tsofaffi ce masu jiran ajali. Bai yi dariya ba, ya rubuta. Da za su tafi suka ce in riƙa hutawa, shekaruna ba na shiga rediyo ba ne.

Daga gidana suka bi gidajen mutum shidan nan. Ban san abin da aka faɗa musu ba, don babu wanda ya yarda ya gaya mini. Alhaji Sale yana da ɗa mai aikin gwamnati, wani kuma jikarsa tana neman gurbin karatu. Ba na ganin laifinsu. Ni na miƙa sunayensu da bakina, ina ganin karramawa ce.

Lokacin da aka ce kowa ya je ya dangwala yatsa a haɗa layinsa da katin ɗan ƙasa, ni na riƙa lallashin mutane su je. An ce don a kama masu satar mutane ne. Ina so a kama su. Amma in ana iya sanin ranar da tsoho ya kira 'yarsa, yaya aka kasa sanin cewa ƙofar ɗakin magani tana da kwaɗo?

Na uku, kuma wannan ya fi ci mini rai. Na faɗa a masallaci, aka ce Allah ya kyauta, kowa ya nemi takalminsa. Wani tsohon ɗalibina ya ce wanda ba shi da laifi ba ya damuwa don an saurari wayarsa. Wani ya ce ai kowa ma ana jin tasa, mene ne sabo. 'Yata kuwa yanzu in na kira, daga ina kwana sai ya jiki, sai ta ce tana da aiki. Na san ba aiki ba ne.

Na huɗu. Na aiko muku takarda ta hannun direban motar kasuwa, na kuma kira sau biyu. Na kasa kunne in ji ko za ku ambata. A makon nan kun ba mu labarin wata 'yar fim da ta yi faɗa da ƙawarta a kan mota, safe da rana da yamma. Kun gayyato masana su yi sharhi. Kun buɗe layi, mutane suna ta kira suna rantsuwa a kan wadda ta fi gaskiya. Na san launin motar. Na san wanda ya ɗinka kayan bikin wani mawaƙi. Ban ce kada a yi nishaɗi ba, ni ma na yi kallon sinima da ƙuruciya. Amma a shirinku na yi magana, ranka ya daɗe, ta layinku aka ji ni. Ko minti biyu ba su samu ba?

A kira na biyu wata ma'aikaciyarku mai ladabi ta ce za a turo wakili yau Alhamis bayan Azahar. Na aika wa Alhaji Sale. Ya aiko cewa in ya ga motar gidan rediyo a ƙofata zai zo ya zauna, ya faɗi abin da aka ce masa, domin abin da aka faɗa a gaban duniya ba a bin mutum gida a kansa. In ya zo, na san sauran za su biyo shi.

Ga roƙona. Ku faɗa a labaranku cewa an bi mutanen da aka gaisar a shirinku har gida. Ku tambayi hukuma wane ofis ne yake da ikon duba wayar mutum, da izinin wa, kuma ina talaka zai kai kuka. Ku gargaɗi masu kira su daina jero sunayen abokansu, tunda gaisuwa ta zama abin da ta zama. Sannan ku faɗa da sunana cewa mutum shidan nan ba su sa ni ba, ba su san zan yi maganar ba. Ni kaɗai ne.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da iyalinka, ya sa ka tsufa cikin mutane.

Wassalam.

Naka mai sauraro,
Malam Garba, tsohon malamin firamare.

Ƙari: Na ajiye wasiƙar ban rufe ba, ko zan yage ta in wakilin ya zo. Na share ƙofar gida, na shimfiɗa tabarma biyu, na sayo goro. Duk ƙarar motar da na ji sai na miƙe, ƙafar tana hana ni. Wajen ƙarfe biyar na hango Alhaji Sale a bakin lungu da sandarsa. Ya tsaya ya duba ƙofata, ya duba hanya, ya ɗan jima, sannan ya juya. Yanzu an kira Magariba. Wakilinku bai zo ba.