Gambo Ya Zubar da Maganin Hayaƙi

Gwammaja, Kano.

Zuwa ga 'yata Bushra,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki a can Malesiya. Allah Ya ƙara basira, Ya dawo mana da ke lafiya. Mu nan kalau muke, sai dai tarin kakarki, Ya Kaka, da yake tashi duk lokacin da Kawunki Gambo ya tayar da injin niƙansa. Maƙwabta ma sun kai kuka, har Mai Unguwa ya ce ko hayaƙin ya ragu, ko injin ya bar lungun. Kin san kuwa da injin nan Gambo yake ci da iyalinsa.

Kwalabe biyun maganin hayaƙin da kika aiko sun iso. Na zaunar da Gambo na yi masa bayani irin wanda nake yi wa ɗalibaina: ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin guda, suna taimaka wa dizal ya ƙone sosai, baƙin hayaƙi ya ragu, mai ya ƙara auki. Ya saurara, ya zuba kwalba ɗaya a jarka. To amma kin san al'adar masu inji a nan. Saboda dattin da ake samu a mai, ba sa zuba dizal sai sun ajiye shi ya kwanta, su tsiyaye na sama, su zubar da na ƙasa. Haka ya ajiye jarkar nan kwana da kwanaki, ƙwayoyin suka dunƙule suka sauka gindi, ya tsiyaye mansa garau, ya watsar da sauran. Da hayaƙi ya fito yadda ya saba, sai ya zo yana ce mini wai Turawan can sun sayar wa 'yarmu ruwan alli. Da na gane abin da ya faru, dariya ta hana ni magana.

Kwalba ta biyu tare muka yi. Muka fara tace man, sannan muka zuba, muka girgiza jarkar har hannu ya gaji. Hayaƙin bai ɗauke ba, amma ya yi sauƙi a ido. Duk da haka na gaya wa Mai Unguwa gaskiya, cewa ban san ko ƙwayoyin suna fita tare da hayaƙin su shiga ƙirji ba. Ki tambayo mana malamanki wannan, ki rubuto. Kafin nan Mai Unguwa ya yarda injin ya zauna, bisa sharaɗin a ɗaga bututun hayaƙin ya wuce saman soro. Jiya maƙeri ya kafa shi, yau da safe mata suka dawo da kwanukan masararsu.

Ya Kaka tana sa miki albarka. Gwaggonki Turai da Jamila da Mikail suna gaishe ki, Gambo kuma ya ce ki yafe masa kwalba ɗaya.

Naki har kullum,
Kawunki Yasir.