Bawul ɗin da Ba Ni Na Ɗaura Ba

Zuwa ga Maman Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafarki, ta daina kumbura? Yaya yara? Ni lafiya lau, in ban da hakin nan da kika sani.

Kin san da rantsuwata na bar gida: babu likitan da zai tsaga ƙirjina ya sa mini bawul a zuciya. Shekara talatin ina gyaran famfo, ban taɓa ɗaura wanda ya shekara uku bai fara yoyo ba. To na ƙirji in ya yi yoyo, wa za a kira?

'Yarki ba ta ja da ni ba. Jiya ta kai ni ɗakin bincikensu, wai in duba musu bututu. Ashe wayo ne, irin naki.

Bututun gilashi ne a kan tebur, wani inji na tura ruwa mai kaurin jini, an barbaɗa masa wani abu kamar gari. Ta kashe fitila, ta haska shi da koren haske. Sai ga bawul irin wanda ake sa wa mutum a zuciya a tsakiyar bututun, falle uku ne, sirara kamar ɓawon albasa. Ruwa na wucewa sai ya yi ɗan juyi a bayan kowane falle, ya tura shi ya rufe. Babu sifirin, babu noti, ruwan da kansa yake ja wa kansa ƙofa! Na kara sukudireba a kunne ina neman yoyo, ban ji ba. A wani injin kuma, irinsa ya buga sau miliyan ɗari huɗu, aikin shekara goma, bai yage ba.

Ta ce ba su suka ƙirƙiro ba, na ƙirjinmu suke kwaikwayo, kuma har yau ba su kamo shi ba. Na tambaye ta na ƙirjina fa, sau nawa ya buga? Ta lissafa: ya haura biliyan biyu, ba a taɓa ɗauke ruwa don a yi masa gyara ba. Wallahi sai da na nemi kujera. Wata shida ina ƙorafi a kansa, ban taɓa gode wa Wanda Ya ɗaura shi ba. Na yi hawaye a gaban ɗalibanta.

Tsoro bai sake ni ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma yau da safe na sa hannu, ranar Talata za a yi aikin. Ki taho Lahadi, ki riƙo mini riguna masu maɓalli a gaba. An ce zan yi makonni ban ɗaga hannu sama ba.

Ki gaida yara, ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Baban Injiniya