Layin Kitson da Ban Ƙarasa Ba

Zuwa ga:
Mai girma Darakta,
Sashen Kula da Walwalar Yara.

Daga:
Mai kitso a layin bayan tashar mota,
'Yar sa-kai a shirin sada manya da yaran gidan reno.

Kwanan wata: 9 ga Yuni

Game da: Ɗauke yarinyar da aka haɗa ni da ita ba sanarwa, ba sallama

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana. Hannuna ya fi sabawa da kibiya da mataji a kan alƙalami, a yi mini uzuri inda na kauce wa tsari. Dokar shirinku ta hana rubuta sunan yaro a takarda irin wannan, don haka zan ambace ta da sunan da nake kiranta, Kurciya. Shekarunta tara.

1. A watan Agustan bara aka tantance ni, aka ba mu horo. An ce kada mu kai yaro gidajenmu, kada mu yi masa alkawarin komai sai guda ɗaya, wato ranar da za mu dawo. Malamar horon ta nanata cewa manya sun sha tafiya su bar yaran nan ba ko waiwaye, saboda haka in rabuwa ta zo za a sanar da mu da wuri, mu yi ziyarar ban kwana. Na riƙe maganar nan hannu bibbiyu.

2. Lokacin da aka haɗa mu, Kurciya ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai. An hana mu tone-tone, ban tambaya ba, tabon da ke bayan kunnenta ya ishe ni bayani. Gashinta ya cukurkuɗe, kullum cikin hula ko da ana zafi. Na yi watanni ina zuwa kowace Asabar, in zauna a bencin da ke gindin tagar ɗakin karatu ina yi wa wata tsohuwar 'yar tsana kitso, ita kuwa tana bakin ƙofa tana hararata kamar na ci bashinta. Ranar da ta tako da ƙafarta ta zauna a gabana ta cire hular, sai da na kau da kai na goge hawaye kafin na iya ɗaukar mataji.

3. Ita ta kafa mini sharaɗi: kada in taɓa ƙarasa kitson. Kullum sai in bar layi ɗaya a gefen hagu. Na tsokane ta cewa za ta kashe mini kasuwa, a ce mai kitson gidan nan aikin rabi da rabi take yi. Ko murmushi ba ta yi ba, ta ce ai wanda bai gama aikinsa ba dole ya dawo. Tun daga nan, in na zo sai in fara ƙarasa layin da na bari, ta shafa ta ji ya cika, sannan mu tsefe mu yi sabo, in sake barin ɗaya. Uwar ɗakin gidan, wato mai kula da yaran, shaida ce.

4. Ranar Asabar 17 ga Mayu na bar mata layin hagu kamar kullum, na ce sai mako mai zuwa. Ranar 24 ga Mayu na dawo, mai gadi ya kasa haɗa ido da ni. Na tarar an yaye zanen gadonta, an jingine katifar a bango. Wai tun ranar Laraba aka mayar da ita wani gida don rage cunkoso. Ba a kira ni ba, alhali lambata tana ofishinku. Uwar ɗakin ma ta ce sai da safiyar Larabar ta ji. 'Yan ɗakinsu suka gaya mini ta ƙi shiga mota, tana ta cewa Gwaggo, wato ni, ba ta gama ba, kuma har motar ta tashi hannunta na dafe da gefen kanta na hagu. Ranka ya daɗe, tun da na ji wannan abinci ya daina yi mini daɗi.

5. Na je ofishinku. Jami'ar da na samu ta karɓe ni da mutunci, ba ƙararta na kawo ba. Ta ce tunda yarinyar ta bar gidan, aikina da ita ya ƙare, kuma ba ta da ikon faɗa mini inda take. Ta ce za a haɗa ni da wani yaro. Ban ƙi ba, amma da wane baki zan dubi wani yaro in ce masa sai Asabar?

6. Uwar ɗakin ta shaida mini cewa in gashin yarinya ya cukurkuɗe kuma ta hana a taɓa, ƙarshenta aske shi ake yi don tsabta. Kitson da ke kanta ya tsufa yanzu, kuma na san ba za ta bari baƙon hannu ya kusance ta ba. In aka danne ta aka sa mata almakashi, an koma gidan jiya. Abin da ya fi wannan ci mini rai shi ne tana can tana lissafa ni cikin waɗanda suka ce za su dawo ba su dawo ba. Ni ban karya alkawari ba, karya mini shi aka yi.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon a ba ni ziyara ɗaya tak, a duk inda kuka zaɓa, a gaban duk jami'in da kuka ga dama, in ƙarasa layin nan, in yi mata sallama yadda ku da kanku kuka koya mana. Ba na neman a dawo da ita, ba na neman a hukunta kowa. In hakan ya gagara, a sanar da sabuwar uwar ɗakinta kada a kai ƙarfe kanta. Sannan don girman Allah wani ya durƙusa daidai tsayinta ya gaya mata Gwaggo ta zo ranar Asabar ɗin, ta sake zuwa wadda ta biyo baya, ta zauna a bencin nan har aka rufe ƙofa.

Kibiyar da matajin suna cikin jakata. Ko yau aka kira ni zan rufe shago in taho.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci. Na gode da ka karanta.

Taka cikin biyayya da girmamawa,
(sa hannu)
Mai kitso, wadda yaran gidan ke kira Gwaggo Mai Kibiya