Muryar Inna a Tsohuwar Kwamfuta

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Rabi da yara. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Kwanar Dangora kowa ƙalau, sai dai labarina ba daɗi.

Kwamfutar shagona ta yi nauyi har masu kawo bugun takardu sun fara guduna. Sabuwa ta fi ƙarfina, sai na kai ta Kano wajen mai gyara. Ya ce, "Bar min tsohuwar ma'ajiyar cikinta, in sa maka mai sauri, in yi maka ragi. Komai zan kwashe maka." Na yarda.

Da na dawo, takardun aiki suna nan, amma babu muryar Inna, wadda na ɗauka kafin rasuwarta tana labarin garinmu da ruwan Tiga ya cinye. Na koma washegari, ya ce ya riga ya goge ya sayar.

Don Allah duba tsohuwar wayarka, ko na taɓa tura maka. Baba bai sani ba tukuna, kuma duk Juma'a yake zuwa shago in kunna masa.

Ka gaida mutanen gida, ka sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Sani