Kifin Gwangwani a Bakin Kainji

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da zuciyata ke fakewa in rana ta take, farin watan da ke leƙa fuskarsa a ruwan Kainji har ruwan ya ji kunya ya kwanta lamo, hasken da ya fi duk fitilun da yake gyarawa, Yaya Hamza.

Assalamu alaikum. Ga gaisuwa mai yawan yashin bakin tafki, mai sanyin iskar da ke rako jiragen asuba, mai daɗin ruwan randa a bakin wanda ya dawo daga gona. Ina fatan kana lafiya, kai da Kawu da duk mutanen shago.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke da waya, balle kai da gyaransu ne sana'arka. Ka san halina. In na ari wayar Inna na ji muryarka, harshena mannewa yake yi, in tsaya ina jin numfashina kamar wadda ta yi gudu. Takarda kuwa ba ta kallona. In ka ji tana ƙamshin hayaƙi ka yi haƙuri, maƙwabciyarmu Maman Bitrus ce za ta kawo maka, kuma ba ta da wurin ɓoyo sai ƙarƙashin kwandon kifinta. Na shafa mata turarena, amma na san wanda zai yi nasara tsakanin turaren da bandar tarwaɗa.

Ya tauraron gabas, ka tuna ranar da hadari ya rufe kasuwar Wara? Na kawo maka fitilar sola ta Baba da ta daina kamawa, sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ka turo mini bencinka, kai ka koma bakin rumfa ka tsaya, rabin jikinka a jiƙe. Littafin da nake ɓoyewa cikin hijabi ya zame ya faɗi a gabanka. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ka karanta sunansa da ƙarfi ba, ba ka yi irin murmushin nan na samari ba. Ka goge shi da hannun rigarka, ka yanko wata jar waya siririya ka sa a shafin da ya buɗe, ka miƙo mini da hannu biyu. Na karanta jarumai da yawa, masu motoci da benaye da kalamai kamar zuma, amma ban taɓa cin karo da wanda ya san cewa babban tashin hankalin mai karatu shi ne ɓacewar shafinta ba. Tun daga ranar na rasa gane me nake karantawa. Ko wane suna marubuciya ta ba saurayin, fuskarka yake ɗauka.

To ina ka shige, ya ruwan farkon damina? Me ya sa hanyar gidanmu ta manta sawunka? Na san dalili, kuma saboda shi na ɗauki biro. Sau ɗaya ka shigo gidanmu, ka fassara mu ba daidai ba. Bari in karanta maka mu a hankali.

Mu bakwai ne, ni ce babba. Baba ya koyar a firamare har ya yi ritaya, amma alli ya ƙi yin ritaya daga hannunsa. Tun ina ƙarama, duk shekarar da tafki ya cika ya cinye hanyar makaranta, sai ya tara mu ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Ruwa yakan janye, makarantar Baba ba ta taɓa janyewa ba. Allonmu katakon tsohon kwale-kwalen Kaka ne da aka shafa wa baƙin fenti, har yanzu akwai ramin ƙusa a tsakiyarsa, in Baba na lissafi ya kai wurin sai ya mai da shi sifili. Bayan la'asar kowa ya jawo tabarmarsa, har da ɗiyan maƙwabta. Dokar makarantar guda ce: duk wanda ya san abu sai ya koyar. Tanimu, mai bi mini, ya koya mana yadda ake gane tantabarar da ke shirin ƙwai. Aminatu, wadda ta mai da bayan ɗaki fadamar albasa, ta koya mana dashe. Yasira ba ta da sana'a sai tambaya, ita ce ta taɓa tsare direban jirgi har fasinjojinsa suka aiko nemansa. Autarmu Laraba kuwa ta taɓa koya mana yadda ake kuka ba hawaye, Baba ya ce darasi ne, a tafa mata. Ni nawa fannin karatun labari ne, kuma shi ma sai na juya musu baya nake iyawa.

Baƙo ma bai tsira ba. Mai tallan gishiri, mai ɗaurin karaya, malamin allurar shanu, duk wanda ya zauna a tabarmar Baba sai an miƙa masa alli. Dariya kuwa ita ce sannu da zuwa a gidanmu. Wanda ba a yi wa dariya ba, har yanzu a ƙofar gida yake. Baba da kansa ɗan masunta ne gaba da baya, amma in ya shiga jirgi jiri ke kwasarsa, shi ya sa Kaka da Inna ke kiransa Sarkin Tudu, kuma yana amsawa har da gyara hula.

Ranar da ka taho gaida Baba ina bayan asabari ina leƙenka. Ka yi kyau cikin shuɗiyar shaddarka, kyawun zalɓe a bakin ruwa da hantsi. Ka durƙusa ka miƙa wa Inna leda. Ta buɗe tana tsaye tsakanin murahunta, tarwaɗa a nannaɗe kan waya suna tsiyayar mai, giwan ruwa a shanye kamar zannuwa, ƙurungu cike da daro, sai ga kifin gwangwani a hannunta! Wallahi na sani, a garinku na tudu kifi sai ranar kasuwa, kuma abin da ake kai wa mutumin da ake girmamawa ka kawo. Amma ya zan yi da Laraba, da ta matso ta tambaye ka da wace koma ka kama su, kuma wa ya sace musu kawuna? Ya zan yi da Tanimu, da ya faɗi ƙasa yana yi maka kirarin Sarkin Ruwan Gwangwani? Inna ta juya fuskarta cikin hayaƙi don a ce shi ke sa ta hawaye. Baba ya miƙo maka alli bisa al'ada, kai kuma ka ɗauka ƙarin tonon silili ne. Ka miƙe ka ce ka bar shago ba kowa. Na bi bayanka da ido har ka sha kwanar gonar gero, na ji kamar an kashe fitila ana tsakiyar karatu.

Da ka san abin da ka bari a baya, ya farin cikin raina, da ba ka ɓoye fuskarka ba. Gwangwaninka ya ci makarantarmu da yaƙi. Washegari Baba ya ɗora ɗaya a kan turmi ya ce shi ne darasi. Aka karanta rubutun jikinsa, aka ciro tsohuwar taswira aka nemo ƙasar da ya fito. Da Baba ya ce daga teku aka kamo shi, ruwan da ba a hango gaɓarsa kuma gishiri ne duka, Yasira ta ce ita ba ta yarda akwai ruwan da ya fi Kainji ba, in kuma akwai to wa ya zuba gishirin, kuma me ya sa Inna ke saye. Har yau ana wannan shari'a. Aminatu ta huda guda ta yi renon irin albasa a ciki. Inna ta ce ita ba za ta sa wannan abu a bakinta ba, amma na same ta a madafa da burodi tana lasar yatsa. Da ta gan ni sai ta ce gishirin dai ya ji, kifin ne ba shi da tarbiyya.

Tanimu, shi mai kirarin, shi ya fi kowa kamuwa. Ya bubbuge gwangwani biyu ya haɗa jirgi, ya yi masa rumfa da kara, ya cire ɗan injin wata matacciyar rediyo yana so ya sa masa farfela da fitila. Ya haɗa ya kwance, ya haɗa ya kwance, batir ya yi zafi ya ƙona masa yatsa, jirgi ya ƙi motsi. Tantabarunsa ma sun ga canji. Ya kai ƙara wurin Baba, Baba ya ce shi iliminsa ya tsaya a kunnawa da kashewa. Ka ga yadda Allah ke lamarinsa? Gida cike da masu sanin kifi, an rasa mai sanin wace waya ke bin wace.

Ana cikin haka Maman Bitrus ta dawo daga kasuwa da labarin da ya tsinka mini zuciya. Wai Kawunka zai buɗe shago a Kontagora, kuma kai da ka ƙi a da, yanzu ka ce a tura ka, amsar ƙarshe kawai yake jira bayan wannan kasuwa. Kontagora, ya masoyina? Saboda dariyar Laraba, yarinyar da ba ta gama famfara ba? Ashe kunya na iya korar mutum daga inda ake sonsa? In ka tafi wa zai riƙa tsaya mini a ruwa? Me zan gaya wa wata in ya fito ya tambaye ni kai? Na kasa cin tuwo, na kasa karatu, na zuba wa tantabarun Tanimu gishiri a maimakon gero, aka yi ta yi mini tsiya.

Yanzu ka saurari abin da ya faru jiya. A makarantarmu kullum akwai mai kiran suna, jiya kuma layin Tanimu ne. Ya kira kowa daidai, da ya zo kaina sai ya gyara murya ya ce, Amaryar Sarkin Gwangwani. Kowa na jiran in rufe fuska in ruga ɗaki kamar yadda na saba. Ni da ko sunanka ban taɓa furtawa a gidan nan ba, ni da in an yi baƙo nake ɓuya bayan rumbu. Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Na dubi tabarma na ce na'am.

Alli ya tsaya a hannun Baba. Daga wajen murhu Inna ta ce, to Malam, ka dai jiya da kunnenka, ba wani ya gaya maka ba. Baba ya yi tari, ya goge allon da ba a rubuta komai a kai ba, sannan ya ce darasin ranar Asabar na wutar lantarki ne, shi kuma bai iya ba, a sanar da mai iyawa. Ya ƙara da cewa namijin da dariyar yara ta kora, kukansu ma zai kore shi wata rana. In ka zo ka karɓi alli, zai ba ka izinin turo manyanka. In ba ka zo ba, ba zai sake tayar da maganar ba, kuma ka san Baba ba ya maimaita darasi ga wanda ya ƙi zuwa aji.

Don Allah ka taho, ya bangon jinginata. Ba zan yaudare ka in ce ba za su yi dariya ba. Za su yi. Laraba ta tanadi sababbin tambayoyi, Yasira na jiranka da batun teku, kirarinka kuwa ya riga ya bi gidajen unguwa. Amma dariyar yanzu ta rabu biyu, rabi naka rabi nawa, kuma kaya in an raba ba ya karya wuya. Kada ka kawo komai. Ka taho da abin kwance ƙusa da 'yan wayoyinka kawai, ka zauna a tabarma, in an kira ka da wancan suna ka amsa. Ni zan zauna a can baya. Ba na jin zan iya ɗaga kai in dube ka, amma duk kalmar da ka faɗa a zuciyata za ta sauka kafin ta isa allo.

Shekara goma sha takwas ina tara kunya kamar yadda Inna ke tara itacen banda, jiya na cinna mata wuta gaba ɗaya a gaban mahaifina saboda kai. Ba ta da sauran da zan janye maganata da shi. Na amsa suna a gaban iyayena da ƙannena. Za ka bar ni da sunan, mai sunan yana Kontagora?

Ko tafki ya cika ko ya janye, ko albasa ta yi ko ta ƙi, zuciyar nan ba ta da wani mai ita bayan kai, kuma ba za ta yi ba.

Taka har ƙarshen numfashi, mai share tsakar gida tun yau saboda Asabar,

Sa'adiyya