Watannin da Mama Take Ƙirgawa

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan da sauƙi. Mama ƙafarta ta yi dama, har tana sauka daga bene ba tare da an riƙe ta ba. Maigida yana nan yana fama da tuƙinsa, ni kuma ina gidan wanki da guga kamar yadda kika bar ni.

Yaya, albishir ɗin da na yi miki wata shida da suka wuce ba gaskiya ba ne. Ba ni da ciki, ban taɓa samu ba. Da al'adata ta ɗauke, ga kasala, ga saurin fushi, ga wani zafi da yake taso mini daga ƙirji har fuska, sai Mama ta ce haka ta yi da cikinki sak. Shekara goma sha ɗaya ina jiran wannan magana, wa zai hana ni yarda? Sau biyu na sayi abin gwaji a kemis, sau biyu ya nuna babu. Mama ta ce wani ɗan tsinke bai isa ya fi ta sani ba, ita da ta haifi shida. Ni ma na bi ta, don abin da nake so in ji ke nan.

A wata na biyar na je asibiti. Likita ta ɗebi jini, ta yi hoto, sannan ta zaunar da ni ta ce al'adar ce ta tafi da wuri, kuma da wuya ta dawo. Ni da shekara talatin da bakwai. Na tambaye ta ko akwai sauran rabo, sai ta hau gyara takardun gabanta. Da na faɗa wa maigida a mota, sai ya tsaya ya saya mini fanka ƙarama. Kin san shi, iyakar lallashinsa ke nan.

Wata nas ta rubuta mini abubuwan da za su rage wahalar. Ta ce in rage shayi da yaji, in riƙa shan ruwan sanyi, in sa kayan auduga marasa nauyi, in ci waken soya da riɗi da madara saboda ƙashi, in yi tafiyar ƙafa da safe, kuma idan zafin ya taso in zauna in ja numfashi a hankali. Duk ina yi, kin san ni da bin doka. A wajen aiki uwar ɗakinmu ta ɗauke ni daga kan dutsen guga, bayan ranar da gumina ya ɗiga a farar rigar wani sai da aka sake wankewa. Yanzu ninki nake yi a bakin taga. Ba zan yi ƙarya ba, zafin ya ragu, ina ɗan samun barci. Amma ni ba zafin ne ya dame ni ba, Yaya. Da za a ce in zauna cikin gumi har ƙarshen raina a ba ni ɗa guda, da gudu zan karɓa.

Abin da ya fi ci mini rai, Mama ba ta sani ba. Duk abin da nas ta sa ni, ita gani take renon ciki nake yi. Ita take soya mini riɗin. Ita take tashina tafiyar safe, ta biyo ni da sandarta har kwanar layi, tana cewa tafiya tana sauƙaƙa naƙuda. Ta hana ni ɗaukar bokiti. Rigunan audugar da na ɗinka masu faɗi sun ƙara rufa mini asiri, ga ƙiba da na ɗan yi. Shekaranjiya ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Wannan ɗa ɓoyayye ne, a baya ya kwanta, kamar ubanki wajen kunya." Na shiga banɗaki na saki ruwan famfo don kada ta ji kukana.

Sau uku ina buɗe baki in faɗa mata, sai in ga yadda ta warware tun da abin nan ya fara, tana cin abinci, ta daina zancen mutuwa. Maigida ya ce shi ba zai iya ba. A lissafinta saura wata uku. Kullum sai ta ƙirga a yatsu, ni kuma ina kallo, ba ni da wata dabara, kuma ba na jin akwai.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Babba, da 'Yar Baba, da Auta mai rigima. Kawu da matarsa suna gaishe ku. Mama ma tana gaishe ki ƙwarai, ta ce in rubuta miki ki fara neman hutu a wajen aiki, don tana so ki iso kafin haihuwa. Na yi mata alkawari zan rubuta, ga shi na rubuta. Kada ki nemi hutun, Yaya.

Taki har kullum,
Ƙanwarki